Jan Biro Ta Ƙi Sa Hannu

Ranar da Dogo ya fara aiki a wani kamfanin haɗa manhajar kwamfuta, kujera ɗaya ce ta rage, wadda ke tsakanin firinta da teburin wata ma'aikaciya da ake wa laƙabi da Jan Biro. Kowa ya san abin da ya sa kujerar ta daɗe ba kowa a kanta. Ƙa'idar ofishin ce, duk wanda ya rubuta wani sashe na manhaja, sai wani ya duba ya sa hannu kafin a shigar da shi. Ita ce mai dubawa, kuma hannunta ya fi na marowaci wuyar buɗewa.

Ta dube shi ta saman gilashi. "Kai ne sabon? Wayar cajin nan tawa ce."

"To, ranki ya daɗe."

Iyakarta ke nan. An ɓata takarda da yawa a kan kallon farko, alhali yawanci bai wuce haka ba: gargaɗi ɗaya, da wawan da ya ji daɗinsa.

Kafin shekara ta zagayo yana kiranta Alƙaliyata, tana kiransa Rigimammena, manyansa sun je sun gaisa da nata. Saura a sa rana aka ba shi wani ɗan aiki.

Aikin shi ne manhajar ta riƙa rubuta lambobi da heksa, wato ƙirgen sha shida, wanda bayan tara ake ci gaba da a, b, c har zuwa f. Dogo ya bi hanyar da ya gada a makaranta. Lambar da ke ƙasa da sifili ba a sa mata alamar ragi, juya ta ake yi ta cika gurabe sha shida, sai -1 ta fito jerin f daga farko har ƙarshe. Ya tura, ya miƙe ƙafa yana jiran sa hannun masoyiya.

Abin da ya samu, a shafin da duk ofis ke gani, shi ne: "Ban amince ba. Lambobinmu ba su da iyakar tsawo. Akwai wata ƙatuwar lamba sama da sifili da ita ma jerin f sha shida ce. Ka sa mata riga ɗaya da -1, wa zai bambance su? Ƙara gurabe ba magani ba ne, kullum akwai wadda ta fi girma. Sa alamar ragi a gaba, ka rubuta girman lambar: -255 ta zama -ff."

Ya juyo da kujerarsa. "Haka manyan masana ke rubuta ta tun ba a haife mu ba."

"Su akwatinsu yana da murfi. Namu ba shi da shi."

"Da sai ki raɗa mini a kunne."

"Na kowa a shafin nake rubutawa. Kai ɗan wane ne?"

Shugaban sashe yana jin su. Ya taɓa neman Jan Biro ta ce masa a'a, irin a'ar da ba ta barin ƙofa a buɗe, kuma uwarsa ƙawar Umman Dogo ce. Magana ba ta da ƙafa, amma ta riga Dogo isa gida.

Ya tarar da Umma a falo, ta kashe talabijin, alamar da ya sani tun yana yaro.

"An ce ta tsinka ka a gaban jama'a."

"Aiki ne, Umma."

"Tun ba ta shigo ba tana gyara maka zama? In ta shigo ni za ta fara yi wa jan biro. Ta goge abin da ta rubuta, ta sa hannu. In ba haka ba, babu ranar da za a sa da yawuna."

Ya shiga ɗaki ya rubuta mata: "Alƙaliyata, ki rufa mini asiri. Ki sa hannu kawai, bayan biki in gyara. Umma ta kafe."

Amsa ba ta jima ba. "Rigimammena, ina sonka, har ina jin haushin kaina. Amma in na sa hannu a kan abin da na san karyayye ne don a aure ni, wadda za a kawo maka ba ni ba ce. Ka gaida Umma."

Suka kwana biyu ba sa magana, kujera na gogar kujera. Ya ga shugaban sashe ya tsaya a teburinta yana dariya, zuciyarsa ta ƙulla masa labari mai kai da ƙafa. Kishi gwanin marubuci ne, ba ya buƙatar hujja.

Washegari sai ga shugaban a kansa, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ma ina da ikon sa hannu. In danna maka yanzu, Umma ta huce. Ita kuma ta san ba ita kaɗai ce mai biro ba."

Dogo ya dube shi. A nan ya gane dariyar jiya: an je an lallashe ta ta janye, ta ƙi, shi ne aka zagayo ta wajensa. Ya buga -1 a manhajar, ya buga ƙatuwar lambar da ta faɗa. Layi biyu suka fito kamar an tsaga kara.

"Oga, wacce ce wacce a nan?"

Shugaban ya gyara wuyan riga.

Dogo ya ce, "To bar mini kayana. Wadda ta ƙi, ita za ta sa."

Ya gyara kafin a tashi. Ta duba a nutse, ta gwada sifili, ta gwada wata lamba mai tsawon layi uku, ta rubuta: "Na amince." Ba ta ƙara ko harafi ba, kuma ba ta goge na farkon ba.

Ya durƙusa gaban Umma da yamma.

"Ta goge?"

"Ba ta goge ba. Ni na gyara, don ita ce da gaskiya. An so a rufe mini kuskure don a ƙuntata mata, na ƙi. Umma, masu ce mini na yi daidai sun cika gari. Mai ce mini ban yi ba, kuma ta zauna kusa da ni, ita kaɗai ce. Ban taɓa saɓa miki ba, yanzu ma ba zan yi aure ba da izininki ba. Amma in ba ita ba, zan jira, kuma kin san ni da jira."

Umma ta san shi. Ita ta haifi taurin kan, a wajenta ya sha shi. Ta yi fushinta na mako, ta kira ƙaninta ta ce su je a sa rana, kafin yaron nan ya tsufa mata a ɗaki.

Ranar da aka kawo amarya gaishe ta, Umma ta kama hannunta ta daɗe tana dubansa.

"Wannan ne hannun? Ɗan ƙarami da shi. To, 'yata, in za ki gyara shi, ki riƙa rufe ƙofa."

Murya ta fito daga cikin mayafi, a hankali. "A gida zan rufe, Umma. Ofis ba shi da ƙofa."

Umma ta cije leɓe, dariya ta ƙwace mata duk da haka.

"Allah ya shirye ki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su ɗauko kanki, ki ɗanɗana."

Mata suka amsa da amin. Amarya ma ta amsa, kuma kowa ya ji ta.