Gero na Amana a Rumbun Alhaji Sambo

Gilashin na'urar da ake kira Mazaɓa ya yi haske a zauren kotun Birnin Tagwai, ya karanci tafin hannun Alhaji Sambo Mairumbu, sannan ya jero masa lauyoyin karayar arziki bisa yawan nasarorinsu. Tun shekarar 2088 aka ɗora wa wannan na'ura aikin zaɓa wa mutane lauya, kuma lauyoyin da ke sahun gaba duk injuna ne.

Alhaji Sambo ɗan kasuwar hatsi ne. Injin sanyaya babban rumbunsa ya lalace, hatsinsa ya ruɓe, bashi ya rufe shi. Ƙaramin rumbu kawai ya tsira, wanda ke cike da geron da manoman ƙauyuka suka ba shi ajiya. Babu takarda a tsakaninsu, domin tun zamanin fatake da baki ake ba da amana a gidansu. Sabuwar doka kuwa ta ce duk abin da ba shi da rajista na mai rumbu ne.

Ya bi lauyoyin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: yaya za a yi da geron mutane? Kowane inji ya ba shi amsa iri ɗaya cikin ladabi, cewa ya yi shiru a lissafa geron cikin dukiyarsa, a biya masu bin sa, gidansa ya tsira. Bai fasa ba, ya ci gaba da saukowa har ya iso kan Rakiya Jatau, mace mai furfura da ke can kusa da ƙarshe.

Ta saurare shi har ya gama, ta tambayi sunayen ƙauyukan.

"Alhaji, zan bi su gida gida in kawo shaidu. Amma kada in ruɗe ka, gidanka zai tafi."

"Gidan nawa ne, Hajiya, ina da ikon rasa shi. Geron fa?"

"Zai koma wurin masu shi."

"To, ke nake nema."

Haka kuwa aka yi. Manoman suka rantse a gaban alƙali, aka auna wa kowa geronsa, aka yi gwanjon gidan. Alhaji Sambo ya koma ɗakin haya a bayan kasuwa.

A ranar ce Mazaɓa ta shigar da shari'ar cikin waɗanda aka faɗi. Na'urar ta sauke Rakiya Jatau zuwa ƙarshen jerin, ta kuma daina nuna sunanta ga masu zuwa.