Littafin Ɗakin Shan Magani

Ƙarfe tara na safiyar Litinin shugabar wata makarantar firamare mai zaman kanta ta bugo waya ofishin 'yan sanda, ta ce an yi musu sata. Da aka tambaye ta abin da aka ɗauka, sai ta ce littafi. Kofur ɗin da ya ɗaga wayar ya toshe bakinta da tafin hannu yana dariya. Oga kuwa, shugaban ofishin, bai ga abin dariya ba, don 'ya'yansa biyu can suke karatu. Ya kira Sufeto, ya ce ta je ta taho da nas ɗin makarantar, ita ake zargi, kuma kafin azahar yana son magana ta mutu.

Sufeto doguwar mace ce da ta haura arba'in, tana da wani hali da ya hana ta ƙarin girma shekara shida. In aka ba ta sunan mai laifi tun kafin ta bar ofis, to sunan nan shi ne na ƙarshe da za ta yarda da shi. Ta sara wa Oga, ta ɗauki Kofur suka tafi.

Ofishin shugabar cike yake da kofunan gasa da hotunan yaran da suka ci jarrabawar shiga sakandare. Shugabar ta yi bayani cikin sauri, kamar wadda ta haddace shi a mota. Ranar Alhamis wata yarinya 'yar aji shida ta zo makaranta kunnenta na zubar da jini, ta ce daga lilo ta faɗo. A asibiti likita ya ce mari ne, kuma dodon kunnen ya fashe. Ranar Juma'a uban ya zo yana huci, ya nemi a nuna masa littafin da nas ke rubuta duk raunin da ta gani a jikin yara. Aka buɗe kabad, babu littafi. Uban ya ba su zuwa yau, in ba haka ba zai kai ƙara ma'aikatar ilimi.

"Sakacinta take ɓoyewa," in ji shugabar. "Na dakatar da ita, amma ta ƙi tafiya gida."

Sufeto ta nemi a kai ta ɗakin shan magani. Gado ɗaya, sikeli, kwanon wanke hannu, sai kabad ɗin ƙarfe. Ta duba kwaɗon, ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, nata, da na mataimakina."

"Me ya haɗa mataimaki da kabad ɗin magani?"

"Shi ne jami'in kare yara na makarantar nan. Duk wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba a jikin yaro, wurinsa zai kai rahoto. Ga ƙa'idar can manne a bango."

Nas ɗin tana zaune a benci a bakin ƙofa, jaka a cinya, fararen kayan aikinta sun sha guga kamar ba a kore ta ba. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da shida ba, kuma ba ta tashi ba da ta ga kaki.

"Ke kika ɗauki littafin?"

"In sace abin da zai wanke ni?"

"Me ke ciki?"

Ta lissafa su da yatsu. Tun farkon zango yara huɗu. Yaro mai kumburarrun yatsu, wani mai shatin bulala a bayan cinya, yarinya mai ƙulu a ƙeya, sai wannan ta kunne. Kowanne ya ce faɗuwa ya yi. Ita kuma ta rubuta abin da idonta ya gani, ta ɗauki littafin da ƙafarta ta kai wa mataimaki, shi kuma kullum sai ya ce zai tuntuɓi iyayen. A na uku ta gaji, ta sami shugabar da baki, shugabar ta ce mata ta je ta bi ƙa'ida.

"Me ya hana ki zuwa wurinmu?"

Nas ta ɗago ta dube ta tsakar ido. "Na zo. Na yi awa biyu a bencinku. Wanda ke kan kanta ya ce maganar makaranta a makaranta ake kashe ta."

Kofur ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sufeto ta ji maganar har cikin ƙashinta, kunya ta kama ta, ta kuma bar kunyar ta zauna, don ta san sun cancance ta. Ta tambayi ajin yaran, Nas ta ce dukansu 'yan aji shida ne. Ta tambayi ranakun. Nas ta yi tunani, sannan ta ce abin mamaki, duka huɗun da safiyar Alhamis suka zo mata.

Kafin su fita zuwa asibiti Sufeto ta ratsa ta filin wasa. Lilon na nan, amma ƙarafunan tsaye kawai suka rage. Mai gadi ya ce tun bara aka cire sarƙar da kujerar.

Yarinyar tana kwance da auduga a kunne, uwarta na yi mata fifita da kwalin magani. Sufeto ta cire hula, ta zauna a gefen da yarinyar ke ji. Ta yi lallashin duniyar nan, yarinya ta kafe a kan cewa daga lilo ta faɗo. Sai da Sufeto ta miƙe za ta tafi ta ji an riƙe mata hannun riga.

"Anti, za a cire sunana daga jarrabawa?"

"Wa ya ce za a cire?"

Yarinyar ta juya fuska bango. Uwar ce ta yi bayani, har da ɗan alfahari. 'Yarta na cikin yara talatin da aka zaɓa don darasi na musamman, kowace Laraba bayan an tashi. Mataimakin shugaba ne ke yi musu da kansa. Malam Ɗari ake ce masa, saboda shekara da shekaru ba a taɓa samun ɗan ajinsa da ya faɗi jarrabawa ba, ɗari bisa ɗari suke ci. Iyaye har roƙo suke a sa 'ya'yansu.

A mota Oga ya kira yana tambayar ko an kawo nas ɗin. Sufeto ta ce tana hanya, ba ta dai faɗi hanyar ina ba.

Malam Ɗari ya tarbe ta da fara'a, ya ja mata kujera da hannunsa. Mutum ne tsaf-tsaf, mai taushin murya, biro uku jere a aljihun gaba. Ya nuna takaicinsa kan abin da ya sami yarinyar, ya ce gidaje da yawa yanzu sai addu'a.

"Nas ta taɓa kawo maka rahoto?"

"Ko sau ɗaya, ranki ya daɗe. Ni ko launin bangon littafin nan ban sani ba."

"Makullinka fa?"

"Yana cikin durowa tun ranar da aka ba ni."

Ta rubuta jawabinsa, ta miƙa masa ya karanta kafin ya sa hannu. Ya gyara tabarau, ya zaro jan biro. Yana karantawa yana buga alamar daidai a gefen kowane sakin layi, da ya kai ƙasa ya rubuta kwanan wata, ya ja layi biyu. Sai a lokacin ya lura da irin kallon da take yi masa, ya yi dariya.

"Ki gafarce ni, sabo ne. Shekara ashirin da biyu ina duba aikin yara. Maiɗakina ta ce ko takardar asibiti aka miƙo mini sai na yi mata maki."

Sufeto ta taya shi dariyar, ta ninke takardar. Tana fita ta tsaya a bencin Nas, ta tambaye ta ko Malam kan yi rubutu a littafin in ta kai masa. Nas ta ce kowane shafi sai ya buga masa jan maki da kwanan wata. Yanzu Sufeto ta san dalilin satar, saura littafin. Ba tare da shi ba, maganar korarriyar nas ce a kan ta malamin da iyaye ke roƙo, kuma jibi Laraba ce.

Hayaƙi ta hango yana tashi daga bayan ajujuwa. Can ta tarar da ramin ƙona shara, da wata tsohuwa mai shara tana tona wutar da sanda. Ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta ko an ba ta takardu ta ƙona a makon jiya.

"An ba ni, na ƙona."

"Wa ya ba ki, Iya?"

"Malam Ɗari. Ranar Juma'a da sassafe."

"Ya saba kawo miki shara da kansa?"

"Shi? Ko ɓawon ayaba yaro yake kira ya ɗauke masa."

"Duka kika ƙona?"

"Duka."

Tana faɗa tana matsawa ta tare wani buhu da ke jingine da katanga. Sufeto ta tsuguna daidai tsayinta, ta yi mata rantsuwa cewa ba wanda zai kira ta ɓarauniya. Iya ta harare ta na ɗan lokaci, sannan ta ja tsaki ta kwance bakin buhun.

"'Yar nan, ni ban iya karatu ba, shi ya sa ya ba ni. Amma na san farar takarda in na gan ta. Littafi rabinsa ba a taɓa ba, jikokina na rubutu a bayan kwali, a ce in cinna masa wuta? Ko wa ya ce, ba zan yi ba."

Littafin ne, mai baƙin bango, a tsakiyar tsofaffin takardun jarrabawa. Sufeto ta buɗe. Shafi huɗu, rubutun Nas da shuɗin biro, a ƙasan kowanne jan maki, kwanan wata, da layi biyu.

Ta tara Malam Ɗari da Nas a ofishin shugabar. Ta ajiye littafin a buɗe a kan tebur, ta ajiye jawabin Malam Ɗari kusa da shi. Ya daɗe yana kallon shafukan. Da ya buɗe baki, taushin muryar nan ya tafi.

"Na mare ta, to sai me? Sau uku ina nuna mata lissafi ɗaya. Ki dubi bangon nan. Duk hoton da kike gani, hannuna ne ya kai shi can. Akwai likitoci a cikinsu, akwai injiniyoyi, ba wanda ya dawo ya ce na cuce shi."

"Ka ce musu duk wanda ya faɗa za ka cire sunansa."

"Yaro sai da tsoro."

"Aka ba ka amanar karɓar kukansu, kai ne kuma mai sa su kukan. Sannan ka so a ɗaure nas ɗin da ta yi aikinta."

Kofur ya sa masa ankwa, ya matse ta da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, Sufeto ta ga haka ta ce ya sassauta.

Shugabar ta taso. Ta ce ita wallahi ba ta sani ba, ta roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya, don lokacin hutun cin abinci ne, yara duk suna waje, sunan makaranta zai ɓaci. Ta ƙara da cewa bari ta kira Oga.

"Kira shi," in ji Sufeto. "Ki gaya masa ke ma gobe ƙarfe takwas ina jiranki, ki zo ki rubuta abin da kika yi ranar da Nas ta same ki da maganar yaro na uku. Shi kuma ta ƙofar gaba zai fita. Yaran nan sun fi kowa bukatar su gani."

Nas ta miƙa hannu, shugabar ta ciro makullin ɗakin shan magani ta sa mata a tafi.

Suka ratsa tsakiyar fili da shi. Hayaniyar yara ta mutu kamar an kashe rediyo. 'Yan aji shida suka tsaya cirko-cirko a gindin baranda, wasu da abinci a hannu, suna bin sa da ido har aka sa shi a bayan mota. Wayar Sufeto ta yi ta ruri a aljihu, ta san mai kiran, ta bar ta.

Ta shiga gaba, Kofur ya tada mota. Sai ta waiga. Nas ta buɗe ɗakinta, wani yaro ya rabu da 'yan uwansa ya nufi ƙofar a hankali, yana nannaɗe hannun rigarsa. Wata yarinya ta bi bayansa, sannan wasu biyu riƙe da hannun juna. Ba wanda ya kira su. Suka yi layi a bakin ƙofar yadda aka koya musu, ba turereniya.

Huɗu ne a littafi. Sufeto ta ƙirga na kan layin, goma sha ɗaya, kuma ba su gama tahowa ba.

"Kai shi ofis," ta ce wa Kofur. "In Oga ya tambaya, ka ce ban gama ba."

Ta sauka, ta bar hularta a kan kujerar mota don kada ta tsorata su, ta je ta zauna a bencin bakin ƙofa, ta tambayi na farko sunansa.