Takardar Gidan Malam Mahadi

Ana tsuga ruwa aka fito wa Wasila da mahaifiyarta da kayansu ƙofar gidansu na Gusau, a daminar 1998. Inna Delu, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun rasuwar mijinta Malam Mahadi, tana jingine da bangon zaure, ita kuwa Wasila ta durƙusa a cikin taɓo ta riƙe ƙafar ƙanen mahaifinta.

"Baffa, don girman Allah ka bar mu ko ɗaki guda ne! Ina zan kai Inna a haka?"

Baffa Lawwali ya fizge ƙafarsa. "Gidana ne, aro na ba ubanki. In nasa ne, kawo takarda!"

Takardar kuwa babu ita. A cikin akwatin ƙarfe marigayin yake ajiye ta, kuma tun kwanakin zaman makoki, da gida ya cika da 'yan gaisuwa, aka nemi akwatin aka rasa. Wasila ce kaɗai 'yarsa, don haka shi ma Baffa yana da nasa kaso a gadon, amma duka yake so.

Wani maƙwabci ya sa su a motar Tsafe, inda Iya Rakiya, yayar Inna Delu, ta karɓe su a ɗakinta na haya. Wasila ta kama suyar ƙosai a bakin tasha, kowace Litinin kuma ta hau mota zuwa Gusau. A ofishin filaye aka ce mata jihar sabuwa ce, ba a gama kwaso takardu daga Sakkwato ba, ta dawo wani watan. Ta dawo, ta sake dawowa... Da ta kai ƙara, alƙali ya nemi shaidu, sai ta tafi Karakkai neman dattijon da ya sayar wa mahaifinta filin, ta tarar ya rasu tun bara. Baffa kuwa ya rantse bai taɓa ganin wata takarda ba, sannan ya baza a dangi cewa yarinyar ce ta sayar da akwatin ubanta ta sayi atamfa. Har gidajen biki aka daina gayyatarta.

Ran da labarin ya kai ga Inna Delu, ta kama hannun 'yarta da hannunta mai lafiya, hawaye na bin kuncinta, ta ce da ƙyar, "Ɗiyata... ki bar shi... Allah na gani." Wasila ta kifa kai a cinyarta tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatanmu! Ba mu da kowa sai Kai!"

Bayan shekara guda Baffa ya sa gidan a kasuwa. Alhaji Tajuddeen, wani ɗan kasuwar hatsi daga Bungudu, ya taya, amma ya ce ba zai saya ba sai ya ga takarda. Kwaɗayi ya sa Baffa ya fito da ita, bayan ya kankare sunan yayansa ya rubuta nasa. Alhaji ya ga wurin sunan ya yi dishi-dishi, sai ya wuce da ita wajen mai unguwa, shi kuma ya miƙa ta kotu. Da 'yan sanda suka bincika ɗakin Baffa, sai ga akwatin a ƙarƙashin buhunan gero!

"Kai da ka rantse ba ka taɓa ganinta ba?" in ji alƙali. Baffa ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga gemunsa. Aka yanke masa ɗauri saboda sata da rantsuwar ƙarya, aka raba gado yadda addini ya ce, gidan ya faɗo a kason Wasila da mahaifiyarta, aka miƙa wa Wasila takarda da mabuɗi.

Alhaji Tajuddeen ne ya ba da motar da ta dawo da su Gusau. A ƙofar gida suka tarar da Balkisu, matar Baffa, wadda suka tare a gidan tun bayan korarsu, ta ɗaure kayanta, 'ya'yanta na kuka a bayanta, ta kasa ɗago kai. Wasila ta sauko da mahaifiyarta ta zaunar da ita a zaure, sannan ta dawo ta ɗauki ƙullin kayan matar.

"Inna Balkisu, ku koma ɗakinku. Hadari ya haɗo, kar ruwa ya taɓa yaran nan."