Tagar Tsoho Zastrow

Sufeto Reinhold Pahlke bai gama shan gahawarsa ba aka bugo waya cewa an tarar da tsoho Gottlieb Zastrow matacce a kan gadonsa, taga a buɗe. Safiyar Litinin ce cikin watan Janairu, irin safiyar nan ta birnin Milwaukee da iskar tafki ke yankar kunne har mutum ya daina jin yana da shi. Ya ja hularsa, ya kira Saje Dombek, suka hau mota.

Gidan bene ne na katako, ɗakin tsohon yana ƙasa. Likita ya riga su zuwa, kuma bai ja zance ba. Babu duka, babu shaƙa, sanyi ne ya kashe shi. Mutum ne mai shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya tashi, ba ya iya ɗaga murya. Dusar ƙanƙara ta shigo har kan bargonsa, ta kuma binne duk wani sawu da ke waje.

Tagar irin ta kowane gida ce a unguwar, ƙyaure biyu na gilashi, a tura na ƙasa ya hau sama, da 'yar sakata a tsakiya inda suke haɗuwa. Na ƙasan yana ɗage har ƙarshe. Dombek, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, ya nuna ƙarzar bakin wuƙa a jikin fenti ta waje da kuma jikin sakatar. Ya ce ko ɗan makaranta ya san wannan aikin, a zura siririyar wuƙa tsakanin ƙyauren biyu, a ture sakata, shi ke nan an shigo.

Hedwig, babbar 'yar marigayin, tana zaune a kicin da rigar sanyi a jikinta. Ba ta taɓa aure ba, shekara da shekaru ita ke jinyar uban. Ta ce abu ɗaya aka ɗauka, gogen da ke cikin baƙin akwati a saman kabad. Da shi tsohon ya ƙetaro teku yana saurayi, kuma ya bar wasiyya a binne shi da abinsa.

"Kin ji motsi?" in ji Pahlke.

"Ban ji komai ba, Yallaɓai. Barci nake."

"Wane baƙo ya shigo gidan nan kwanan nan?"

"Mai sa ƙarfen toshe iska a tagogi. Jarosz sunansa." Ta ɗago ido ta dube shi. "A shagonsu sun gaya mini ya taɓa zaman gidan yari, amma suka ce kai ka tsaya masa. Shi ya sa na yarda."

Pahlke ya san sunan sarai. Kazimir Jarosz tsohon ɓarawon taga ne, kuma da wuƙa ya yi suna. Pahlke ne ya kama shi, Pahlke ne kuma ya bi shago shago bayan an sake shi, yana roƙo a ba shi aiki, har wani mai shagon ƙarfen taga ya karɓe shi don kunyar sufeto. In Jarosz ne ya yi wannan, to gidan yari zai koma har ya mutu, kuma Pahlke ne ya buɗe masa ƙofar gidan tsohon da bakinsa.

Kafin azahar Jarosz yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Hannayensa duk tabon yanka ne, don sabon ƙarfen tutiya kaifi gare shi kamar reza. Pahlke bai gaya masa ta inda aka shiga ba, tunda ɗan sanda ba ya ba wanda ake zargi amsa a hannu.

"Ina kake jiya da dare?"

"Ina ɗakina, ranka ya daɗe."

"Matar da kake haya a gidanta ta ce sai da gari ya waye ka dawo."

Jarosz ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce yana wata mashaya a kudancin gari, ana caca, ya sha har barci ya kwashe shi a kan benci. Ya ɓoye ne don sharaɗin sakinsa ya hana shi taka mashaya. Ya rantse bai taɓa ko tsinke a gidan Zastrow ba, ya ce tsohon ma har albarka yake sa masa da ido ranar da iska ta daina shigowa.

Kyaftin, shugaban ofishinsu, bai ga abin jira ba. Tsohon ɓarawo, wuƙa, ƙarya, me kuma ya rage? Ya ce a rubuta caji kafin a tashi aiki, ya kuma ƙara da cewa wasu sufetocin sun fi dacewa da aikin coci. Pahlke ya haɗiye maganar, ya roƙi a ba shi zuwa yamma.

Ana nan Emil Zastrow ya iso ofis, ƙanen Hedwig. Makaɗin goge ne a gidajen rawa, ɗan gayu, gashi ya sha mai, idanu jajur. Ya ce rabonsa da gidan tun Kirsimeti, don shi da uban ba sa zama inuwa ɗaya. Labarin Jarosz kuwa ta waya Hedwig ta gaya masa, kuma tun a lokacin ya ce mata ta yi ganganci.

"Amma ita ma Yaya da laifinta," in ji shi. "Kullum cikin dare tana tashi ta ƙara kwal a murhun ɗakin Baba. Tun muna da uwa haka take yi. Me ya hana ta jiya? Da ta shiga, ai da ta rufe tagar."

Pahlke ya dubi hannayen Emil. Ofishin nan zafi ne da shi kamar gidan burodi, har Dombek ya kwance maɓallin wuya, amma Emil safar hannu ɗaya kawai ya cire. Ta dama tana nan.

Da la'asar Pahlke da Dombek suka koma gidan. An riga an ɗauke gawar, taga kuwa an bar ta yadda aka same ta. Pahlke mutum ne mai taurin kai wanda ba ya yarda da abu sai ya gwada da hannunsa, har matarsa ta gaji da shi kan wannan hali. Ya ja ƙyauren ƙasa, ya sa sakata, ya bar Dombek a ciki, shi kuma ya zagaya waje cikin ƙanƙara har gwiwa, ya buɗe wuƙar aljihunsa.

Ya zura ta tsakanin ƙyauren. Ba ta yi nisan farce ba ta ci karo da ƙarfe. Ya gwada ta hagu, ya gwada ta dama, ya karkata ta, ya danna har bakinta ya lanƙwashe. Dombek na ciki yana dariya ta bayan gilashi, yana yi masa alamar ya koma makarantar ɓarayi.

Da ya dawo ciki ya ɗaga tagar ya leƙa da tocila, sai ya ga dalili. A bakin kowane ƙyaure an kafa siririn ƙarfe mai lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan. In an rufe taga, na sama da na ƙasa sai su sarƙe da juna kamar yatsu biyu da aka ƙulla. Iska ma ba ta samun hanya, balle wuƙa. Dariyar Dombek ta ɗauke.

"Wannan ƙarzar da taga a buɗe aka yi ta," in ji Pahlke. "Kuma a duk garin nan, mutumin da ba zai taɓa tunanin sa mata wuƙa ba shi ne wanda ya kafa ƙarfen."

Wani abu kuma ya dame shi. Ya sa Hedwig ta ɗaga tagar falo. Sai da ta sa hannu biyu, ƙarfe ya goga ƙarfe da wata ƙara mai sa haƙori tsami. Ta ce duk haka suke tun da aka sa, Jarosz ya ce sai an yi ta amfani da su za su yi laushi. Amma ta ɗakin tsohon da yatsa biyu Pahlke ya ɗaga ta, ko ƙis ba ta yi ba.

Ya koma ɗakin tsohon, ya shafa doron ƙarfen da ƙyauren ke bi yana hawa, daga can sama, wurin da hannu ba ya kaiwa sai daga cikin ɗaki. Santsi. Ya shinshina yatsansa, ya waiwaya kan teburin wanke fuska. Sabulun askin tsohon yana nan, da tsaga mai zurfi a tsakiyarsa. A gefen ƙarfen kuma akwai ɗigon jini da ya bushe.

Ya juya ga Hedwig, ya sassauta murya. "Me ya sa ba ki tashi ƙara kwal ba?"

Nan ne ta fashe da kuka, karo na farko tun safe. Ta ce tun da aka sa ƙarfen, ɗakin na riƙe ɗumi har wayewar gari, murhu ba ya neman ƙari. Rabonta da barci mai kyau tun tana budurwa, sai a 'yan makonnin nan. Har godiya take wa Allah.

"Kin gaya wa Emil kin daina tashi?"

"A'a. Ai ba ya tambayar yadda nake kwana."

"Yana da makullin gidan nan?"

Ta gyaɗa kai. Da Pahlke ya tambaye ta ko akwai wanda ya san dabarar wuƙa a danginsu, sai ta rufe baki da hannu. Ta ce Emil yana saurayi, duk ranar da uban ya kulle masa ƙofa don ya je kiɗa, ta wannan tagar yake shigowa.

Dombek ya je ya zo da Emil kafin rana ta faɗi. Pahlke ya tsayar da shi gaban tagar a rufe, ya miƙa masa wuƙar da ta lanƙwashe.

"Malam Emil, an ce ka iya. Fita ka nuna mana yadda ɓarawon ya shigo."

"Ni ina ruwana da wannan? Kun kama mutuminku."

"Mutuminmu ya san wuƙa ba ta shiga tagar da ya gyara. Kai ne ba ka sani ba." Ya ɗaga ƙyauren ya haska masa ƙarfen, sannan ya ajiye sabulun a gabansa. "Cire safar."

Emil ya dubi yayarsa, ita kuwa ba ta kawar da ido ba. A hankali ya zare safar. Yatsansa manuni yana naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

Ya zube a bakin gadon uban, magana ta yi ta zubowa. Ya ce da wannan gogen ya koyi kiɗa a ɓoye, kuma babu irinsa a duk jihar, amma tsohon ya rantse gara tsutsa ta ci shi da a kaɗa shi a gidan giya. Da ya ji jikin uban ya yi tsanani, ya kasa jure tunanin a sa shi cikin ƙasa. Ya shigo da makulli, ya ɗauki akwatin, ya ce bari ya buɗe taga don a ce ɓarawo ne, tunda ga tsohon ɓarawo ya shigo gidan da ƙafarsa. Tagar ta yi ƙara, ya tsorata, ya goga mata sabulu, ƙarfen ya yanke shi. Ya ƙarza fenti da sakata, ya fita ta ƙofa ya kulle.

"Na ɗauka minti kaɗan ne," in ji shi. "Na san lokacin da take tashi. Wallahi na san lokacin. Yaya, me ya sa ba ki tashi ba?"

"Idonsa biyu da ka shigo?" in ji Pahlke.

Emil ya gyaɗa kai. "Yana kallona."

Dombek ya sa masa ankwa, kuma ko tsokana ɗaya bai yi ba, abin da ba a saba gani ba. Aka sami gogen ƙarƙashin gadon Emil a masaukinsa. Tunda ya zama kayan shaida, a ma'ajiyar kotu zai zauna, za a binne tsohon ba shi.

Pahlke ya buga waya daga falo ya ce a saki Jarosz. Kyaftin ya tambayi maganar mashaya, Pahlke ya ce shi bai ji wata mashaya ba, sanyi ya toshe masa kunne tun safe. Ya ajiye kan wayar, ya ji kamar an sauke masa buhun kwal daga kafaɗa, amma murna ta ƙi zuwa.

Ya leƙa ɗakin don ya yi sallama. Hedwig tana tsaye gaban tagar, labule na kaɗawa. Ta sa hannu ta ja ƙyauren, ya sauko shiru, ƙarfe ya kama ƙarfe, labulen ya tsaya cak.

"Ka gani, Yallaɓai?" ta ce. "Aikinsa mai kyau ne. Don kada Baba ya ji sanyi na sa aka yi."