Gadon da Ba Shi da Ido

Fitilar Renau ta yi kore, alamar lafiya lau. Gadon jarirai ne mai aiki da kansa. Ya auna nauyin yaron da zafin jikinsa, wani siririn bututu ya zuƙe kashin da ya yi, ruwan ɗumi ya wanke shi, sannan wata murya mai taushi ta kira sunansa tana rarrashi. Babu mai ganin ƙazanta, babu mai jin wari. Shi ya sa a birnin Tudun Rana, daga benayen gilashi har unguwannin ƙasa, kowace mai jego Renau take nema.

Injiniya Ramlatu ce ta ƙera shi, kuma yaron da ke ciki ɗanta ne na fari.

Da can ta sa wa gadon kyamara don ta riƙa duba launin fata da na kashi. Mutane suka ce atafau. Wa zai yarda ido ya tsaya a kan tsiraicin jaririnsa, ga kambun baka, ga shi ba a san mai kallo ta can ba? Ramlatu ta cire kyamarar, kasuwa kuwa ta buɗe. Ta ƙara da fitila mai ruwan ɗorawa don kada haske ya dami jarirai.

Da ta haihu, ta tafi wankan gida wurin mahaifiyarta. Duk bokonta, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Ba ta kiran sunansa, in za ta ba shi nono sai ta lulluɓe shi da mayafi ta kau da kai. Son yaron na cin ta a rai, amma sai dai ta saci kallon koriyar fitilar ta ji sanyi.

Wata rana ta ce, "Inna, yaron nan bai cika shiru ba kuwa?"

Inna ta ce, "Haƙuri gare shi. Ga shi jawur, hasken kakansa ya ɗauko. Ke dai kama kanki, kada a ce 'yata ba ta da ta ido."

Aka yi arba'in, aka ƙara makonni a kai. Nauyin yaro kullum hawa yake, fitila kullum kore.

Ran nan da hantsi bututun ya toshe. Ramlatu ta ɗauko kayan aikinta ta kwance tankin, sai ta yi turus. Kashin da ke ciki fari ne fat, kamar an jiƙa alli. Ta suri yaron ta fita tsakar gida, ta buɗe idonsa a rana. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, hannuwansa kuwa sirara.

A asibiti, Dakta Sa'idu ya haska cikin yaron, ya nuna mata hoton a bango.

Ya ce, "Injiniya, hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci, shi ke gangarawa hanji ya ba kashi launi. Ɗanki hanyar ruwan nan a toshe take. Ɗacin ya rasa mafita, ya koma yana cin hantar."

Ta ce, "Amma Likita, nauyinsa ƙaruwa yake yi."

"Ruwa ne ya taru a cikinsa, gadon ya ɗauka ƙiba ce. Da an kawo shi kafin ya cika wata biyu, da mun haɗa hanji da hanta, galibi ana dacewa. Yanzu sai dashen hanta. Za mu yanki ɓangaren taki in ta dace da shi, amma ba zan yi miki alkawari ba." Ya juyo ya dube ta. "Wannan cuta farin kashi ne ke tona ta. A bana shi ne na huɗu da aka kawo mana a makare, kuma duk a Renau suka kwanta."

Ramlatu ta ce a gwada jininta yanzu-yanzu.

Magariba ta same su a ɗakin jinya, can saman bene. Ta taga tana hango birnin, korayen fitilu birjik a gidaje, kowace tana faɗa wa wata uwa cewa lafiya lau. Ta riga ta buga wa kamfani ta ce a tsayar da sayarwa, an ce mata sai an zauna taro.

Inna na rakuɓe a gefe, ta yi tagumi. Ramlatu ta yaye mayafin a gabanta, ta ɗaga yaron daidai fuskarta, ta ƙura masa ido yadda ta daɗe tana marmari.

Ta ce, "Sulaimanu."

Inna hawaye kawai take yi. Ramlatu ta sake kira da ƙarfi. Yaron bai dube ta ba. Kansa yake ta juyawa a hankali, yana neman muryar gadon da ya saba da ita.