Mai Sharar Bututun Hayaƙi

Wani yaro yana aji biyar a wata makaranta a garin Greensboro, a ƙasar Amurka. A makon nan, ajinsu yana karatu a kan wani babban marubucin Ingila da ya rayu tun zamanin da.

Malama Angelina ta ce, "A lokacinsa, da kwal ake ɗumama gidajen Landan. Hayaƙi yana fita ta wani dogon bututu a saman rufi. Idan bututun ya toshe, yara ake turawa ciki su share."

Yaron ya ɗaga hannu. "Yara kamar mu, Malama?"

"Wasu ma ba su kai ku ba. Marubucin nan ya yi ta rubutu a kan 'ya'yan talakawa, don manya su gani su ji kunya."

Sannan ta ce ranar Litinin kowa ya zo da shigar mutanen wancan zamani. Yaron ya zaɓi mai sharar bututu. Malama ta ba shi ɗan fentin fuska baƙi.

"Wannan ya isa," in ji ta.

Amma yaron yana so ya fi kowa. Baƙin hayaƙi na gaske yake so.

Gidansu na haya ne, a hawa na biyu, kusa da titin Wendover. A watan da ya wuce, turaren wutan Mama ya tayar da ƙararrawar gobara. Manajar gidan ta zo da kanta.

"Idan aka sake, za ku tashi," ta ce.

Tun ranar, Mama ba ta ƙara kunna kaskonta a ɗaki ba, sai a baranda. Kaskon ƙasa ne, daga Damagaram ta zo da shi.

Ranar Lahadi da la'asar, Baba yana wurin aiki. Mama ta ɗauki jaririya Sakinatou ta sauka wurin maƙwabciyarsu, Anti Fassouma.

"Yanzu zan dawo. Kada ka taɓa komai a kicin."

"To, Mama."

Tana fita ya ɗauko kaskon da gawayi. Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa don kada a ji wari. Ya cusa takardu, ya ƙyasta ashana. Ya riƙe faranti a sama don baƙin hayaƙi ya kama shi, ya samu na shafawa a fuska.

Takardun suka kama da ƙarfi. Hayaƙi ya cika ɗakin. Idanunsa suka fara zafi. Ya yi tari, ya ƙara tari. Ya nemi ƙofa, bai gan ta sosai ba.

Sai ƙararrawa ta ɗauka. Wii! Wii! Wii!

Mama ta banko ƙofar. Ta fizgo shi waje. Ta koma da bokiti ta sheƙa wa kaskon ruwa.

Kafin a jima, duk mutanen ginin suna tsaye a wurin ajiye motoci. Motar 'yan kwana-kwana ta iso. Wani daga cikinsu ya duba numfashin yaron, ya ce lafiyarsa lau. Wani kuma ya sauko da kaskon a hannu. Kaskon ya tsage gida biyu.

Manajar ta kalli kaskon, ta kalli Mama.

"Ke kuma? Ai na gargaɗe ki."

Mama ta sunkuyar da kai. Ta gyara goyon Sakinatou.

Anti Fassouma ta raɗa mata, "Ki yi magana mana, 'yar'uwa. Ke da kike ɗakina kina shan shayi!"

Mama ta girgiza kai kawai.

Yaron yana bayanta.  Idan ya yi shiru, babu wanda zai kalle shi. Amma ina za su koma? Baba ya daɗe yana nema kafin ya samu wannan gida.

Manajar ta ce, "Gobe ki turo maigidanki ofis."

Ta juya za ta tafi.

"Ba Mama ba ce!" in ji yaron. "Ni ne. Ba ta ma nan."

Ya faɗa mata komai: aikin makaranta, yaran Landan, da farantin.

Manajar ta kalli fuskarsa da hayaƙi ya baƙanta.

"Ka san akwai tsofaffi da jarirai a ginin nan?"

"Na sani. Ku yi haƙuri."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ba zan tashe ku ba. Amma daga yau babu gawayi a gidan nan, ko a baranda."

Da Baba ya dawo, ya ji labari, ya zaunar da yaron.

"Ka ga kaskon mahaifiyarka?"

"Na gani, Baba."

"To, je ka ba ta haƙuri. Kuma kai za ka wanke bangon ɗakinka."

Ya durƙusa gaban Mama yana kuka. Ta jawo shi ta rungume.

"Kasko ana samun wani. Kai fa, a ina zan samo wani?"

Ranar Litinin ya je makaranta da fentin da Malama ta ba shi. Da aka kira shi, ya tsaya gaban aji.

"Ni ɗan lokaci kaɗan na yi a cikin hayaƙi, na kasa numfashi," ya ce. "Su kuwa yaran nan, kullum a cikinsa suke."

 Daga nan aka tafa masa.

Malama Angelina ta ce, "Ka fahimci zamanin nan sosai. Amma kada ka ƙara koyo ta wannan hanya."

Yaron ya yi dariya, ya yi alkawari. Ya gane cewa wuta ba abin wasa ba ce, kuma idan iyaye suka hana abu, akwai dalili. Ya kuma gane cewa wanda ya yi laifi, shi ya kamata ya faɗa, kada ya bari a ɗora wa wani.