Ƙullin Bandeji a Gadon Ƙarshe

Bayan magariba Sista, babbar nas, ta zo karɓar aiki a asibiti. A barandar ɗakin mata ta tarar da wata tsohuwa zaune kan benci, bandeji ɗaure a wuyan hannunta. Yanzu aka goge ƙasan, bai ma bushe ba, amma babu sawun kowa sai na Sista.

"'Yata, kwance min," in ji tsohuwar, muryarta kamar daga cikin tulu.

Sista ta taɓa ƙullin, ya ci fata, hannun sanyi ƙalau. Ta gane ɗaurin, na ƙaramar nas ne da ake kira Gajera. Ranta ya ɓaci, ta faɗa ɗakin.

"Ke Gajera, wa ya ba ki izinin ɗaure mara lafiya? Likita ne ko 'ya'yanta? Akuya ce?"

"Sista, robar ƙarin ruwa take ta fizgewa, ni kaɗai ce kuma a ɗakin."

"Sai ki kira likita. Hukuma ba za ta karɓi wannan uzurin ba, balle Allah. Je ki kwance ta, tana waje."

Gajera ta yi tsuru-tsuru. "Waje? Sista, tun la'asar ta cika, ga ta can a gadon ƙarshe."

Sista ta fizge labulen gadon ƙarshe. An lulluɓe gawar da zani, hannu ɗaya ya leƙo, har yanzu ɗaure da ƙarfen gado.

A bayan kunnenta, muryar nan ta ce, "Ke ma ba ki kwance ba, 'yata."